Ƙurajen Zazzaɓi a Leɓe: Aikin Magungunan Shafawa da Iyakarsu

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya kwanta a kududdufai sauro ya yi yawa, da wuya a shiga aji a Kaikai ko Kusada ko Kankiya ba a tarar da ɗalibi ɗaya ko biyu da ƙuraje a gefen leɓe ba. Idan aka tambaya, amsar ɗaya ce: ya yi zazzaɓi ne, zazzaɓin ya fito masa a baki. Wasu iyaye har murna suke yi, domin a ganinsu alama ce ta cewa cutar ta fita daga jiki. Wasu kuma sukan ɗora laifin a kan tsaka ko gizo-gizo. Daga nan sai magani ya biyo baya. Wannan ya shafa man goge baki, wancan ya fasa kafso ya barbaɗa garin a kai, wani kuma ya nufi kemis a ba shi shuɗin maganin nan da ake kira GV, ko wani ɗan mai da ke kashe raɗaɗi nan take.

Wannan maƙala za ta duba mene ne ainihin waɗannan ƙuraje, sannan ta yi bayanin yadda magungunan shafawa iri biyu ke aiki a kansu, wato masu kashe ƙwayoyin cuta da masu kashe raɗaɗi.

Mai laifin da maɓoyarsa

Ba zazzaɓi ne ke haifar da ƙurajen ba, ba kuma tsaka ba ce. Wata ƙwayar cuta ce daga jinsin bairas, wadda masana suka raɗa wa suna hafis simfiles nau'i na 1. Kalmar hafis daga harshen Girkanci ta samo asali, ma'anarta rarrafe, saboda yadda ƙurajen kan bazu a fata. Ƙanƙantarta ta kai a jera kimanin 5,000 kafin su cike tsawon milimita ɗaya. Tana da 'yar'uwa, nau'i na 2, wadda galibi al'aura take kamawa. Ya kamata a bambance su, domin akasarin masu ƙurajen leɓe tun suna yara suka ɗauki cutar a cikin gida, ta hanyar yawu: sumbar da manya ke yi wa yaro, ko tauna masa abinci, ko ba shi abu da cokalin da wani ya tsotsa. Saboda haka babu dalilin zargin ɗalibi ko ɗaliba da wani abin kunya don an ga ƙurji a leɓensu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutane biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 ne ke ɗauke da wannan bairas, wato kashi 64 cikin 100. A nahiyar Afirka abin ya fi haka yawa, domin ƙiyasin shekarar 2016 ya nuna kusan mutum 9 cikin kowane 10. Mafi yawansu ba su ma san suna da ita ba, don ba ta taɓa fito musu ba.

Shigarta ta farko kan wuce ba a sani ba. To amma a wasu yara, musamman 'yan wata 6 zuwa shekara 5, takan zo da zazzaɓi mai zafi, dasashi ya kumbura, cikin baki ya cika da gyambuna, yaro ya yi ta dalalar da yawu ya ƙi ci ya ƙi sha har kwana 10 zuwa 14. Bayan an warke, sai bairas ɗin ta yi wata dabara. Takan shiga bakin jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga leɓe, ta bi su kamar mai bin hanya, har ta isa wani curin jijiya da ke can cikin ƙoƙon kai, daura da kunne. Daga wannan curi ne jijiya ta rabu gida uku: reshe ɗaya ya nufi ido da goshi, ɗaya kunci da leɓen sama, ɗaya kuma haɓa da leɓen ƙasa. A nan take kwanciya ta yi lamo, ba ta hayayyafa, garkuwar jiki kuwa tana tsare da ita amma ba ta iya fitar da ita. A shekarar 1973 wasu masana biyu a Amurka, Baringer da Swoveland, suka ciro wannan curi daga gawarwakin mutanen da suka mutu da wasu cututtuka dabam, suka raya shi a ɗakin gwaji, sai ga bairas ɗin ta bayyana a da yawa daga cikinsu.

Duk sa'ad da jiki ya shiga wani hali, sai ta farka ta sake biyo jijiyar zuwa leɓe. Wannan ne dalilin da ya sa ƙurajen kan komo kusan wuri ɗaya kowane karo. Abubuwan da ke tashinta sun haɗa da zazzaɓi kowane iri, da zafin rana, da gajiya da damuwa irin ta lokacin jarrabawa, da jinin al'ada, da tsagewar leɓe a hunturu. Ashe ke nan mutanen da suka danganta ƙurajen da zazzaɓi sun lura daidai. Kuskuren yana wajen fassara. Fitowar ƙurjin ba ta nuna cewa zazzaɓin cizon sauro ya fita. Ƙwayoyinsa na nan cikin jini sai an sha maganinsu.

Ƙurjin kansa yana da matakai. Da farko a ji ƙaiƙayi ko zugi a wuri guda, na 'yan sa'o'i zuwa kwana ɗaya ko biyu. Sai ƙananan bororo su taru, cike da ruwa garai-garai wanda ke maƙare da bairas. Su fashe su zama gyambo, kuma a nan ne raɗaɗi da yaɗuwa suka fi tsanani. Sannan ɓawo ya rufe, ya bushe ya faɗi. Ga mai ƙoshin lafiya, ana gamawa cikin kwana 7 zuwa 10, ko an sa magani ko ba a sa ba. Wannan magana ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin ita ce ta sa kowane magani ke samun masu shaidarsa. Wanda ya shafa toka ya warke a kwana na tara zai rantse da toka.

Masu kashe ƙwayoyin cuta

A shekarar 1867 wani likitan fiɗa a birnin Gilasgo, Joseph Lister, ya wallafa yadda yake wanke raunuka da kayan aiki da sinadarin finol, har ruɓewar rauni ta ragu ƙwarai a ɗakin marasa lafiyarsa. Daga nan ne aka shiga zamanin magungunan wanke rauni. Waɗanda aka fi sani a wannan yanki su ne sifirit, da aidin, da GV. Aikinsu kusan iri ɗaya ne: suna lalata furotin ko bangon duk wata ƙwayar cuta da suka taɓa, ba tare da zaɓe ba.

Bairas ɗin hafis tana sanye da riga ta maiƙo, kuma da zarar rigar ta yage ba ta iya shiga ƙwayar halittar mutum. Shi ya sa sabulu da sifirit da aidin ke kashe ta cikin sauƙi a kan hannu ko a saman fata. Matsalar ita ce, bairas ɗin da ke haddasa ƙurjin ba a sama take ba. Tana cikin ƙwayoyin halittar leɓe tana hayayyafa, asalinta kuma yana can cikin curin jijiya, inda babu abin shafawar da zai kai.

To mene ne amfaninsu? Gyambon da ya buɗe ƙofa ce ga bakteriya, musamman irin waɗanda ke zaune a hanci da fata, masu haddasa mugunya. A inda ake da ƙura da ƙudaje, yara kuma ba su daina sosawa da farce, wannan haɗari ne na gaske. Idan bakteriya suka shiga, ciwon kwana goma sai ya ƙara tsawo, ya kumbura, ya bar tabo. Aikin maganin wanke rauni shi ne tsare wannan ƙofa, kuma sau da yawa ruwa mai tsabta da sabulu sun isa.

Kowannensu yana da aibinsa. Sifirit yana busar da wuri, amma a kan buɗaɗɗen gyambo yana ƙona sababbin ƙwayoyin halittar da ke ƙoƙarin rufe shi, ɓawon ya tsage ya yi jini. Aidin irin na da, wanda aka narka cikin sifirit, shi ma haka. Wanda aka fi so shi ne fobidon aidin da aka samar a shekarar 1955, domin yana sakin aidin a hankali. Duk da haka ba a son mai ciki ko mai ciwon maƙoƙo su riƙa yawaita shi, ba a kuma sa wa jariri sai da umurnin ma'aikacin lafiya. GV kuwa yana da araha, kuma an daɗe ana amfani da tsarmamme, mai ƙarfin kashi 0.25 cikin 100, wajen gyambon bakin yara. Mai kauri yana iya ƙona fatar cikin baki. Launinsa kuma yakan rufe gyambon, ma'aikacin lafiya ya kasa gane abin da ke ƙarƙashi. A shekarar 2019 hukumar lafiya ta Kanada ta sa aka janye shi daga kasuwar ƙasar, bisa binciken da aka yi a kan dabbobi da ya danganta haɗiye shi da ciwon daji. Leɓe kuwa wuri ne da ake lasa.

Masu kashe raɗaɗi

Leɓe na daga cikin sassan jiki mafi yawan jijiyoyin ji, shi ya sa ƙurjin da bai kai ƙwayar wake ba kan hana mutum cin tuwo mai yaji. Domin a fahimci yadda ake kashe wannan raɗaɗi, sai an san yadda saƙon zafi ke tafiya.

Jijiya tamkar wayar lantarki ce, sai dai wutarta ba irin ta gida ba ce. A jikin bangonta akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa da rufewa. Idan rauni ya taɓa bakin jijiyar, ƙofofin farko su buɗe, sinadarin sodiyam, wato ɗaya daga cikin abubuwa biyu da suka haɗu suka yi gishirin miya, ya kwarara ciki ɗauke da cajin lantarki. Wannan ya sa ƙofofin gaba su buɗe, su ma su buɗe na gabansu, haka har saƙon ya isa ƙwaƙwalwa. Sai a lokacin ne mutum ke jin zafi. Masana biyu 'yan Ingila, Hodgkin da Huxley, suka warware wannan tsari a shekarar 1952, aka ba su kyautar Nobel a 1963. Maganin kashe raɗaɗi yakan ratsa bangon jijiyar ya toshe ƙofofin sodiyam. Gyambon na nan, bairas na nan tana aikinta, labarin ne kawai ba ya isa.

Tarihin waɗannan magunguna ya faro da hodar ibilis. A shekarar 1884 wani matashin likita a birnin Biyana, Karl Koller, ya nuna cewa idan aka ɗiga ruwanta a ido ana iya yin fiɗa majiyyaci bai ji ba. Da yake tana sa maye tana kuma kama mutum, sai masana suka shiga neman madadinta. Eduard Ritsert ya haɗa benzoken a Jamus a 1890, Nils Löfgren da Bengt Lundqvist kuma suka haɗa lidoken a Suwidin a 1943. Lidoken ita ce allurar da aka fi yi kafin cire haƙori ko ɗinkin rauni. Waɗannan biyu su ne a cikin galibin mayukan kashe raɗaɗin baki. Suna fara aiki cikin 'yan mintoci, amma aikin bai cika wuce sa'a guda ba. Hikimar ita ce a shafa ɗan kaɗan gab da cin abinci, a kuma guji shayi ko kunu mai zafi a lokacin, tun da leɓen da ba ya ji yana iya ƙonewa mai shi bai sani ba.

Kakannin Hausawa ma suna da nasu. Kanumfarin da ake dannawa a haƙori mai ciwo yana ɗauke da wani mai da ake kira yujinol, wanda shi ma yake dushe saƙon jijiya, likitocin haƙori kuma suna amfani da shi har yau. Sai dai tsantsar man kanumfari yana ƙona fata. Mantaleta da sauran man zafi kuwa wata hanya suke bi: sinadarin mentol da ke cikinsu yana taɓa jijiyoyin da ke jin sanyi, sanyin ya shagaltar da ƙwaƙwalwa. Ba a yi su don buɗaɗɗen gyambo ba. Akwai kuma haɗin kafur da finol da aka daɗe ana sayarwa a Amurka, wanda ke wanke rauni ya kuma rage zafi lokaci guda. Idan yaro ya haɗiye shi, kafur ɗin yana iya sa shi jijjiga.

Babban abin tsoro yana ga ƙananan yara. Benzoken tana iya sauya ƙarfen da ke cikin jan jini ta yadda ba zai iya ɗaukar iskar oksijin ba. Cikin mintoci ko sa'a ɗaya zuwa biyu sai a ga harshe da dasashi da farce sun yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi, numfashi ya yi wuya. Ba ya faruwa da yawa, amma yana kisa. A watan Mayu na 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a shafa ta a bakin yaron da bai kai shekara 2 ba. Tun 2014 ta yi irin wannan gargaɗi game da ruwan lidoken mai kauri ga jarirai masu haƙori, domin sukan haɗiye shi ya taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa. A Ingila kuma, tun 2009 aka hana 'yan ƙasa da shekara 16 mayukan baki masu sinadarin salisilet, ɗan'uwan asfirin. Yaron da bakinsa ya cika da gyambo ya fi buƙatar farasitamol daidai nauyinsa, da ruwa da kunu mai sanyi kaɗan-kaɗan, don kada jikinsa ya bushe.

Wanda ke taɓa bairas ɗin kanta

Maganin da ke yaƙar bairas ɗin kai tsaye shi ne asaikilobiya. Howard Schaeffer ne ya haɗa shi, Gertrude Elion da abokan aikinta suka gano yadda yake aiki, aka wallafa a 1977. Elion ta sami kyautar Nobel a 1988. Maganin ya yi kama da ɗaya daga cikin tubalan da ake gina DNA da su, amma ba ya fara aiki sai wani inzayim na bairas ɗin ya kunna shi. Saboda haka a cikin ƙwayar halittar da ta kamu yake farkawa. Bairas ta ɗauke shi ta sa a gininta, ginin ya tsaya cik.

Man shafawarsa mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ne, ana shafa shi sau biyar a yini na kimanin kwana biyar. Gaskiyar da ba a cika faɗa a kemis ba ita ce, abin da yake ragewa daga kwanakin ciwon bai wuce rabin yini zuwa yini guda ba, shi ma sai an fara tun lokacin ƙaiƙayin farko. Wanda ya saya bayan ɓawo ya rufe ya yi asarar kuɗinsa. Ƙwayoyin sha sun fi ƙarfi, kuma likita ne ke rubuta su ga wanda abin ya yi wa tsanani ko yake yawan dawo masa. Babu ɗaya cikinsu da ke fitar da bairas ɗin daga maɓoyarta.

A 2019 an wallafa wani gwaji daga ƙasar Niyu Zilan, inda aka raba mutane 952 gida biyu, wasu suka shafa asaikilobiya, wasu kuma wata zumar ƙasar da aka tace don magani. Masu maganin sun warke a kimanin kwana 8, masu zumar a kwana 9, bambancin da masu binciken ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Ɗalibin kimiyya zai lura da abin da ya ɓace: babu rukuni na uku da ba a ba komai ba. Don haka gwajin bai nuna cewa zuma na kashe bairas ba. Yana iya yiwuwa dukansu biyu kaɗan suke taimakawa. Ko ma dai yaya, ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma.

Abin da ya fi arha shi ne hana leɓe bushewa. Basilin ko man kaɗanya mai tsabta yana sa ɓawo ya yi laushi, ya daina tsagewa. Kariya daga rana ma tana aiki: a wani gwaji da mujallar Lancet ta buga a 1991, an haska wa masu wannan larura hasken da ke ƙona fata a leɓe, kashi 71 cikin 100 suka fito da ƙuraje, amma da aka shafa musu man kariyar rana aka sake haskawa, babu wanda ya fito da su. Ga manomin da ke yini a gona, malafa ba ado ba ce kawai.

Man goge baki, da toka, da kanwa, da lemun tsami, ƙuna kawai suke ƙarawa. Garin kafso maganin bakteriya ne, ba ruwansa da bairas. Mafi muni su ne mayukan fata masu haɗin magani uku da mayukan bilicin, domin da yawansu na ɗauke da sinadarin sitiroyid, mai danne garkuwar fata, ya ba bairas ɗin filin yaɗuwa.

Inda maganin shafawa bai isa ba

Ba kowane ciwon baki ne wannan ba. Tsagewar kusurwar baki sau da yawa alama ce ta ƙarancin ƙarfe ko bitamin a abinci. Gyambon da ya fara daga dasashin yaro mai tamowa, yana wari, kunci ya kumbura, yana iya zama cutar noma, wadda sunanta ba shi da alaƙa da noman gona. Tana cinye fuska cikin kwanaki. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999.

Ko da ƙurajen na hafis ne, tilas a tambayi abin da ya tashe su. Mai zazzaɓi ya je a gwada jininsa a asibitin mazaɓa ko Babban Asibitin Kankiya. A lokacin zafi, ƙurajen leɓe kan rako sanƙarau, cutar da ta kama mutane fiye da 100,000 ta kashe fiye da 11,000 a Nijeriya a 1996, galibi a Arewa. Zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya ba sa jiran gobe. Haka nan ƙurjin da ya haura mako biyu bai warke ba, ko yake ta faɗaɗa, yana nuna garkuwar jiki ta yi rauni, sai a bincika dalili. Yaron da ke da larurar ƙaiƙayin fata tun asali kuwa, bairas ɗin tana iya mamaye masa jiki.

Ido ma yana cikin haɗari. Yatsan da ya sosa leɓe ya murza ido yana iya kai bairas ɗin ga baƙin ido ta yi gyambo, tabon ya dushe gani. Ido ja mai zafi, mai gudun haske, ga mai ƙurajen leɓe, aikin likitan ido ne a ranar, kuma kada a ɗiga masa wani magani daga kemis. 'Yan makarantar kwana su daina aron jan-baki da man leɓe da asuwaki da tawul muddin ƙurjin bai bushe ba, a kuma shafa magani da auduga, a wanke hannu da sabulu kafin da bayan shafawa.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne jariri sabon haihuwa, domin garkuwarsa ba ta ƙosa ba. A jikinsa bairas ɗin ba ta tsayawa a leɓe, takan shiga hanta da huhu da ƙwaƙwalwa. An ƙiyasta cewa jarirai kimanin 10 cikin kowane 100,000 ke kamuwa a duniya, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba suna mutuwa. Galibinsu wajen haihuwa suke ɗauka, amma wani kaso daga bakin masu ɗaukarsu ne. A makon barka da ranar suna jariri yakan ratsa hannuwa da dama. Mai ƙurji a leɓe, ko ya shafa GV ko ya shafa mai kashe raɗaɗi, ruwan ƙurjinsa na ɗauke da bairas, don haka kada ya sumbaci jaririn. Mai jegon da ƙurjin ya fito mata ta ci gaba da shayarwa, ta rufe bakinta da takunkumi, ta wanke hannu kafin ta ɗauke shi. Idan kuwa jaririn da bai kai wata biyu ba ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, ko bororo ya fito masa a fata, sai a garzaya da shi asibiti a sanar da likita cewa wani mai ƙurajen leɓe ya ɗauke shi, domin maganinsa asaikilobiya ne ta jijiyar jini, na mako biyu zuwa uku.